Gwangwani Goma Sha Ɗaya

"Lafiya lau na kwana, ganinki da buhuna ne ya ɓata mini safiya," in ji Mai Agogo. Yana bakin gado, ya tokare ƙofar kabad da sandarsa.

Ranar zai bar ɗakin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, ya koma gidan babban ɗansa. Ɗan ya ce tarkace ba zai shiga masa gida ba, ya turo 'yarsa, wadda tsohon ke kira Ido Huɗu saboda gilashinta, da buhu biyu: na ajiyewa da na zubarwa. Tsohon ya yafe katifa, ya yafe rediyo. Amma gwangwanayen madara goma sha ɗaya, cike da ƙananan notuna da matattun agogo, su kam ransa ne, kuma yana tsoron a zubar masa da su.

"Matsa, tsoho. Shara na zo kwashewa, da kai zan fara."

"Ji marar kunya! Mijin naki ne shara? Na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Ni na riƙe ka don tausayi, haƙori huɗu wa zai kwasa?"

"Huɗun nan sun fi idanunki huɗu aiki."

Ta zura hannu ta ƙarƙashin sandar ta fizgo gwangwani daga kabad ɗin, ta girgiza shi. "Wannan fa? Tsatsa ce zalla. Abin da ya mutu jefar da shi ake."

"Agogo ke mutuwa, noti ba ya mutuwa. Ajiye mini!"

"Baba ya ce..."

"Ni na haifi Baban. Da ina jefar da abin da ba ya aiki, da tun yana aji uku na kai shi bola."

Ya kama gindin gwangwanin, ta ja, ya ja. Gilashinta ya zame ya faɗi kan tabarma, hannun gilashin ɗaya ya yi gefe. Ashe da zare ta ɗaure shi.

"Wayyo! Gobe ina da jarrabawa!" Ta durƙusa tana laluben ƙasa. "Masu shago sun ce ba su da notinsa, wai in jefar in sayi sabo."

"To ga buhu nan, jefa mana."

"Kaka, don Allah."

"Yanzu na zama Kaka? Ɗazu shara ne."

Bai ko duba sauran ba, ya ce ta miƙo gwangwani na bakwai. Ya juye shi a faranti, ya tona da hantsaki, ya ɗauko wani noti da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Hannun nan da ke rawa in ya ɗauki kofi, ko motsi bai yi ba. Juyi uku, ya maƙala mata gilashin a hanci.

Ta kaɗa kai hagu da dama. Gilashin ya zauna zam.

"Kin san daga ina notin nan ya fito? Agogon ubanki ne, wanda ya jefar shekara ashirin da suka wuce. Na bi bayansa na tsince."

Ido Huɗu ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta zazzage jakarta a kan gado, ta shiga jera gwangwanayen a ciki ɗaya bayan ɗaya.

"In ubanki ya tambaya fa?" in ji tsohon.

"Kayana ne. In ya isa ya jefar da ni."

Sai a lokacin ya janye sandar. "Shi ke nan, na mayar da ke. Ɗauki na bakwai da hannu biyu."