Yadda Za Ka Nuna wa Kwamiti Ɗakin Shayarwa Alhali Kifi Ne a Ciki

Idan gwamnati ta ba kamfaninku hayar layin dogo, kuma sashe na goma sha huɗu na yarjejeniyar ya ce dole kowace tasha ta ware ɗakin da uwa za ta shayar da jaririnta, kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kwamitin majalisa zai zo, ya duba, ya yaba, ya tafi, ba ka ko ɗaga tsintsiya ba. Ba da ka na ƙirƙire su ba. Na kwaso su ne daga aikin Mofazzal Sarkar, manajan tashar Dhulpara, wanda ya shekara uku da ɗakin shayarwa mafi kyau a takarda, alhali buhunan busasshen kifi ne a ciki har rufi.

Mataki na 1: Fara da allo

Ɗaki abu ne mai wahala, allo kuwa kwana ɗaya mai fenti zai gama shi. A zana uwa tana murmushi, jariri ya yi ɓul-ɓul, a rubuta a ƙasa cewa nonon uwa zalla har wata shida. Ka kafa shi a saman duk ƙofar da ta fi kusa da ofishinka. Ka ɗauki hoto ka aika Dhaka, babban birni. A can hoto suke buƙata, ba su taɓa roƙon kowa ya aiko musu da ɗaki ba.

Mataki na 2: Kada ka bar ɗakin a banza

Ɓarna ce. Kamfani da kayan fatake yake rayuwa, jariri kuwa ko tikiti ba ya yanka. Mofazzal ya zaɓi kifi. Kai kana iya zaɓar albasa.

Idan wata ta zo da yaro yana tsala ihu ta nemi makulli, kada ka ce babu. Ka ce yana wurin wanda ya tafi sallah. Salla biyar ce a rana, kowace da alwalarta da nafilarta, jirginta zai iso kafin mutumin ya idar.

Mataki na 3: Bar tambaya ta yi yawo

Wata rana wani ɗan majalisa zai miƙe ya tambayi tasha nawa ke da ɗakin nan, kuma uwa nawa ta shiga. Wannan bai shafe ka ba. Ma'aikatar lafiya za ta amsa cewa ɗakin a tasha yake, a tambayi ta jiragen ƙasa. Ta jiragen ƙasa za ta ce ta ba da layin haya, a tambayi kamfani. Kamfani zai rubuta cikin ladabi cewa shi fasinja ya sani, cikin jariri kuwa na ma'aikatar lafiya ne. Kafin tambayar ta dawo inda ta taso, yaran da aka yi ta dominsu sun fara cin shinkafa da hannunsu.

Mataki na 4: Karanta sunayen kwamiti

Wani lokaci majalisa takan gaji da takarda ta ce za ta zo da ƙafarta. Haka ta faru da Mofazzal ranar wata Laraba, da shugaban kamfani ya kira shi.

"Asabar suna tafe. A kan rahotonsu za a sabunta mana haya. Idan Dhulpara ta kunyata mu, Lahadi ka nemi keke ka fara ɗaukar fasinja."

"Yallaɓai, kifin fa? Babu inda zan kai shi, damina ce."

"Wane kifi? Ni allo na gani a hoto."

Mofazzal yana da 'ya'ya uku, ga ciwon gwiwa, bai kuma taɓa tuƙa keke ba. Ya zauna da takardar sunayen yana ta juya ta, sai ya lura da abin da nake so ka lura da shi. Mutum biyar ne, duk maza, uku sun yi aikin hajji. Babu dattijon da zai ɗaga labule ya leƙa matar wani tana shayarwa, ko da majalisar duniya ce ta turo shi. Ashe ba ɗaki kake buƙata ba. Labule kake buƙata, da takalmin mace a bakin ƙofa, da ɗan kuka daga ciki.

Mataki na 5: Aro uwa, amma duba wadda ka ara

Mofazzal ya tafi wurin Shefali, ƙanwar matarsa, mai goyon wata biyar. Ya riƙo mata kwalin alewar madara.

"Dulabhai da kansa, har da tsaraba," in ji ta, da sunan da ƙannen mata ke kiran mijin yaya a can. "Wa ya mutu?"

"Ni ne, idan ba ki taimake ni ba. Minti goma kawai za ki zauna a bayan labule."

"A ɗakin nan? Ashe mai makulli ya idar da sallah. Wata biyu ke nan da na zo tasharka da yarinyar nan, jirgi ya makara awa huɗu, na shayar da ita a bayan tankin ruwa, 'yan dako suna ta samun dalilin wucewa."

"Ban gane ke ba ce, kin rufe fuska."

"Da ka gane fa?"

"Haba Shefali, ki tuna yayarki. Kina so ki gan ta matar mai keke?"

Ta buɗe kwalin, ta zaɓi mafi girma, ta tauna a hankali tana kallonsa. "Zan zo. Amma ka sa mini kujera, ba na zama a kan kifi."

A nan ya kamata ka tsaya ka yi tunani. Mofazzal bai tsaya ba.

Mataki na 6: Yi wa wari fassara

Ranar Asabar aka ture buhu shida gefe, aka samu wurin kujera ɗaya. Kwamiti ya sauko daga jirgi, aka rataya wa kowa furanni, aka sha shayi. A bakin labule shugabansu, wani dattijo mai jan gemu, ya ga takalmi, ya ji kukan jaririya, ya ja da baya taku biyu yana istigfari. Sannan ya shaƙi iska.

"Manaja, wannan wane ƙamshi ne?"

"Kifi ne, ranka ya daɗe. Tsarin gwamnati na abinci mai gina jiki ya ce mai shayarwa ta riƙa cin kifi. Mu a nan ba mu tsaya ga ɗaki kawai ba."

Dattijon ya juya wurin sakatarensa ya ce a rubuta. Daga nan ya ɗaga murya, idonsa a ƙasa. "'Yata, ba a takura muku a nan?"

Mofazzal ya fara lissafin kuɗin keke.

"Ko kaɗan, Baffa," in ji Shefali daga ciki. "Manajan nan mutumin kirki ne. Cewa ya yi kowace uwa ta shigo, ba sai ta nemi izini ba. Kunya ce ke hana su. Da ku manya za ku faɗa da bakinku, da sun yarda."

Dattijon bai taɓa ganin lasifika ya wuce ta ba. Ya karɓi ta tashar, ya yi minti ashirin yana jawabi a kan nonon uwa, ya rufe da cewa ɗakin nan nasu ne. Kafin jirgin kwamiti ya tashi, takalman mata bakwai ne a bakin ƙofa.

Mataki na 7: Fitar da ita da wuri

Wannan ne matakin da babu wanda ya taɓa cin nasararsa, na sa shi ne don lissafi ya cika.

"Shefali, sun tafi. Fito."

"Akwai mai shayarwa, Dulabhai."

"To idan ta gama."

"Wata ta shigo."

Ya kai hannu ga labulen, sai ya ga rabin masu jiran jirgi sun zuba masa ido, har da limamin masallacin tasha. Ya mai da hannun ya gyara hula. Can sai ya ji tim ta bayan ginin. Ya zaga, ya tarar buhun farko ya fito ta taga, na biyu yana hanya, mata biyu suna turo shi suna dariya. Ya wuni yana jan kifi zuwa ofishinsa a cikin yayyafi, inda kifin yake har yau, kusa da teburinsa.

Shefali ta koma gida da la'asar, amma ɗakin bai sake zama babu kowa ba. Jiragen kamfanin ba sa zuwa kan lokaci, saboda haka kullum akwai wadda ke jira, ta tafi ta bar wa wata. Sun cire kwaɗon ma sun jefa a kududdufi.

Rahoto ya fito, Dhulpara ce ta ɗaya. An sabunta haya. Ma'aikatu biyun da suka ce ba ruwansu kowace ta aiko da nata allon. Mofazzal bai hau keke ba, yana nan a kujerarsa, sai dai fasinjoji sukan ɗan toshe hanci idan ya zo duba tikiti. Kowace safiya yakan cika tulu da ruwan sha, ya ajiye a bakin labule, ya yi gyaran murya, ya juya baya.

Sanarwa: Alkawarin da na yi shi ne kwamiti zai yaba, kuma ya yaba. Ban ce za a mayar maka da ɗakinka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da ɗakin shayarwa na gaske a tasharsa, da jarirai ƙosassu suna barci a ciki, shi ya jawo wa kansa. Kada ya zo mini da ƙorafi. Ya rubuta wa ma'aikatar lafiya, za su gaya masa wanda zai tambaya.