Asibitin da Aka Buga a Kife

"Tsuntsayen nan fa, Baba? Dubi fukafukansu, kamar su tashi!"

"Su tashi mana, ɗana. Ko kuɗin motar komawa gida ba za su kawo maka ba," in ji tsohon mai sayen kayan da, yana ɗaga shafin kundina da matsefata, kamar mai neman ƙaya.

Jama'a, ku ba ni hankalinku nan. Jiya da ƙafa na taka har shagon tsohon nan, domin layin mai ya haɗiye motocin haya kaf. A hanya na ga wani direba ya shanya wankinsa a kan mota, alamar ya tare ke nan. Abin da na rungumo a ƙirji kuwa kundin kan sarki ne na marigayi babana, 'yan takardun nan masu hoto da ake liƙa wa ambulan. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rabon wasiƙu a kan keke, ya ƙarar da tsufansa a layin fansho. A tantance shi yau, a sake tantance shi gobe, har Mai tantancewar gaskiya ya kira shi.

A kundin nan na fara ganin teku. A ciki na ga jiragen ruwa da furannin da ban san sunansu ba. Na sha alwashin ranar da na samu wadda zuciyata ta kwanta da ita, shi zan fara buɗe mata shafi-shafi, kafin in buɗe mata zuciyar. Na karanta littattafan soyayya har idona ya yi ja, amma ban taɓa cin karo da jarumin da ya kai gadon ubansa kasuwa saboda kuɗin likita ba. Marubutan nan ba su san unguwarmu ba.

Yanar ido ce ta rufe idanun Innata, har ta kai da murya take gane ni. Muna da asibitin ido na gwamnati, kar wani ya ce na yi butulci. Na'urar aikin ma ta iso tuntuni, tana nan cikin ledarta fes, ana jiran Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya samu sukuni ya ƙaddamar da ita. Bawan Allah ba ya ƙasar, ya je waje a duba masa nasa idon. Allah ya ƙara masa gani!

Da na kai kukana wurin maƙwabcinmu mai faci, ko ɗagowa bai yi daga tayar da yake bugu ba.

"Ɗan boko, ka cika ƙorafi. Cewa suka yi aikin kyauta ne. Sun ce maka za a yi?"

Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ba sauran dabara sai asibitin kuɗi, su kuwa ba sa karɓar waƙoƙin soyayyar da nake rubutawa.

To, mu koma shago. Tsoho ya wuce tsuntsaye, ya wuce furanni, yana hamma. Da ya kai shafin ƙarshe sai matsefatar ta tsaya cak. Ya goge tabarau, ya jawo fitila.

"Ina ka samo waɗannan?"

Shafin da babana yake jin kunyar nunawa ne. Hoton asibitin idon namu ne, an buga shi a kife, rufi a ƙasa, matakala a sama. Tun ana aza harsashi aka yi gaggawar buga kan sarkin don bikin wani babba. Kwamiti ya zauna, ya ci, ya sha, kowa ya sa hannu, ba wanda ya kalli hoton. Da asiri ya tonu aka ba da umarnin ƙone su, amma Baba ya riga ya sayi 'yan kaɗan da guminsa.

"A sana'armu abin da aka yi daidai ba ya tsada, don yana da yawa," in ji tsoho, wanda na riga na faɗa wa larurar Inna. "Kuskure muke saye. Wannan shafin kaɗai zai buɗe wa mahaifiyarka ido biyu."

"Baba, ashe a kan ma'adini muke zaune! Bari in je in kwaso maka gadar unguwarmu da ba ta kai ɗaya gaɓar ba, da famfon da ke zubo iska."

"Zauna, mai zumuɗi. Kuskuren da aka ji kunyarsa aka ƙone shi ne ke tsada. Na yanzu ba a ƙone shi, lambar yabo ake ba shi. Ya yi yawa, ba mai saye."

Na yi dariya, sai kuma ƙwalla ta cika min ido. Na tuna abin da Inna ta ce da zan fito, ba ta san me ke cikin jakata ba: "Ɗan nan, ranar da aka buɗe min ido, kundin babanka zan fara kallo." Ni kuwa ga ni na zo sayar da abin da take son gani don ta gani. Duk tsawon hanya wannan maganar ke cina, domin na zaci kundin duka zan bari a nan.

"Sauran shafukan ba ka so?" na tambaye shi.

"Ko kyauta."

Ban taɓa jin cin mutunci mai daɗin wannan ba. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Kuma a rubuta min, yau ni da bakina nake gode wa manya: da sun iya aikinsu, da Inna ta mutu makauniya. Fanshon da suka hana babana, ga shi sakacinsu ya biya, ba tare da an tantance kowa ba.

Na share fuska, na tura masa kundin.

"Yanke shafin, Baba, na sayar. Ka tafi da asibitin, dama ko a tsaye ba ya mana aiki. Tsuntsayen kuwa gida za su koma, su Inna za ta fara gani!"