Yadda Ake Sauya Lasifikar Jitar Suruki Cikin Rahusa Ba Tare da Ya Sani Ba

An shirya wannan darasi ne domin dattijon da ya yi shekaru yana shaida wa duniya cewa jita hayaniya ce, sannan wata rana da hantsi ya tsinci kansa rungume da ita. Idan ka bi matakan nan bi da bi, tabbas za ka fita da mutuncinka cikakke, har da sauran canji a aljihu.

Za mu yi koyi da wani shugaban makaranta mai ritaya, wanda har yau kowa ke kira Hedimasta. 'Yarsa ta auri makaɗin jita, kuma shekara bakwai ke nan bai daina cewa, "Yaron kirki ne, sana'ar ce dai." Da aka tashi yi wa gidan ma'auratan fenti, sai suka kawo jitar da ɗan akwatin da ke ƙara mata sauti, suka ajiye a ɗakin karatunsa na kwana biyar.

Mataki na 1: Ka tabbatar wa kanka ba ka taɓa komai ba

A rana ta biyu, da mai ɗakinsa ta fita unguwa, Hedimasta ya rufe ƙofa, ya jona waya, ya murɗe maɓalli har ƙarshe, ya ja tsirkiya ɗaya da babban yatsa. Bincike ne, ba kiɗa ba. Akwatin ya amsa da wani gurnani kamar ana jan teburin ƙarfe a kan siminti. Ya leƙa bayansa, sai ga lasifika, wato baƙar takardar nan mai siffar mazurari, da tsaga uku a jikinta.

Kada ka firgita. Ka zauna, ka cire tabarau, ka goge shi sau biyu. Abin da za ka rasa ba lasifika ba ce. Idan suruki ya ji cewa kai, da hannunka, ka kaɗa jita har ka fasa, shekara bakwai na jawabi sun tashi a banza.

Mataki na 2: Ka auna

Ka ɗauko tsohuwar rular makaranta. Faɗin lasifika da inci ake faɗinsa, kuma ta Hedimasta inci takwas ce. Sau uku ya auna, domin yana fatan ta ragu, tunda ƙarama ta fi araha. Ba ta ragu ba. Ka kwance ta, ka naɗe a jarida, ka rungume ta kamar mai kai takardu ofis.

Mataki na 3: Ka fuskanci maganar om, ma'aunin lantarki da ake bambanta lasifika da shi

Mai gyaran rediyo yana zaune tsakanin gawarwakin talabijin, hayaƙin dalma na tashi a gabansa. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Sannu Baba. Om nawa?"

A nan ne ilimi ke da rana. Hedimasta ya gyara tsayuwa ya ce, "Wannan kalma sunan wani malamin makaranta ne Bajamushe, wanda ya wallafa ƙa'idarsa a shekarar 1827."

"Allah Sarki. To om nawa?"

"Ita kuwa lasifika irin wannan, sai a 1925 wasu injiniyoyi biyu suka..."

"Baba, huɗu ko takwas?"

Mai gyara ya karɓi ƙunshin, ya juya lasifikar. Ashe a rubuce yake a bayanta da manyan haruffa: takwas. Ka lura da kyau: ta takwas ake maye wa gurbi da ta takwas. In ka sa ta huɗu domin ka ji lambar ta fi ƙanƙanta, akwatin zai yi zafi, ka wayi gari kana neman akwati ba lasifika ba.

Mataki na 4: Ka zaɓa da idon mai fansho

Za a jera maka uku. Ta farko tana cikin kwali mai sheƙi; wannan ka gaishe ta ka wuce. Ta biyu daga ƙofar wata mota aka ciro ta, har yanzu tana warin man inji. Ta uku ita ce ta tsakiya, kuma ƙarfinta ya ɗan ɗara na akwatin, wanda shi ake so.

Ka ɗaga kowacce ka ji nauyin maganaɗisunta kana girgiza kai. Wannan ba ya gaya maka komai, amma yana sa mai kaya ya zaci ka san wani abu.

"Wa ke kiɗa a gidan, Baba? Ko kai ne?"

"Na yi maka kama da makaɗi?"

"A'a, wallahi. Ka dai yi kama da wanda ya fasa na makaɗi."

Kada ka amsa irin wannan. Ka nemi ragi. Mai gyara ya yarda ya sauko, bisa sharaɗin a bar masa tsohuwar. Hedimasta ya miƙa ta da murna, ya dawo gida yana jin ya ci kasuwa.

Mataki na 5: Ka tsufar da sabuwa

Sabon abu ba ya iya rufa asiri. Ka ɗaura ta, ka haɗa wayoyin biyu yadda ka same su, sannan ka kwaso ƙurar saman kabad ka barbaɗa mata. Ana cikin haka mai ɗakinsa ta turo ƙofa.

"Malam, me nake gani? Shekara arba'in ban taɓa ganin ka share ƙura ba, yau kuma zuba ta kake?"

"Gwaji nake yi."

"To Allah ya ba da sa'a. In ka gama, akwai wata a ƙarƙashin gado."

Mataki na 6: Ka karɓi suruki da fuskar wanda bai san komai ba

A rana ta biyar suruki ya zo, ya durƙusa ya gaida su, ya ce zai ɗan gwada kayan, domin gobe za a ɗauki waƙarsa ta farko a situdiyo. Hedimasta ya buɗe jarida ya ɓoye a bayanta. Suruki ya ja tsirkiya. Sauti ya fito tas, garau, kamar an buga cokali a jikin kofin tangaran.

Ya sake ja. Ya tsugunna ya leƙa bayan akwatin. Ya daɗe a can.

"Baba," in ji shi, "tsagar ta ɓata."

"Wace tsaga?"

"Guda uku, Baba. Ni na yanka su da reza. Wata shida ina ƙara su kaɗan-kaɗan kafin na sami gurnanin da nake so. Saboda shi ma aka kira ni situdiyon."

Idan ka kai wannan gaɓa, kada ka yi tunanin komawa wurin mai gyara. Hedimasta ya san tun a gabansa mutumin ya ɗauko gam ya fara liƙe tsohuwar, yana yabon kansa.

Abin da ya rage maka shi ne kimiyya. Ya sauke jarida a hankali ya ce, "Takarda daga itace ake yin ta. Itace kuwa, in aka sare shi, yana warkewa."

Suruki ya dubi lasifikar da ke ɗauke da tambarin wani kamfani daban, ya dubi uban matarsa, ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba. Ɗakin ma akwai iska mai kyau."

Ka ga amfanin suruki mai kunya. Mutunci ya tsira, saura ka rufe bakinka na minti biyar kacal.

Mataki na 7: Ka rufe bakinka

Suruki ya roƙi reza, mai ɗakin Hedimasta ta kawo. Ya durƙusa, ya yi bismilla, ya tsaga ta farko. Hedimasta ya danne jarida. Suruki ya yi tsaga ta biyu. Da ya ɗora reza zai yi ta uku, sai dattijo ya miƙe tsaye, tabarau ya zame.

"Kai, yaro, a hankali! Rabin fanshona ke nan kake yankawa!"

Reza ta tsaya a sama. Mai ɗakinsa ta jingina da ƙofa ta ce, "Malam, dama kuɗi ake biya kafin itacen ya warke?"

Sanarwa

Wanda ya tsara darasin nan ba shi da alhakin duk akwatin da ya ƙone, ko fanshon da ya yage, ko dariyar da za a riƙa yi a ɗakin girki duk lokacin da ka wuce. Matakai shida na farko an gwada su, kuma sun yi aiki. Na bakwai har yanzu ba a sami wanda ya iya ba.