Ranar da Na Yi Juyin Mulki a Gaya

Na amsa laifina: ni na yi juyin mulki a Gaya, ko bindiga ban riƙe ba.

Zamanin mulkin soja ne. Ordinatur, wato kwamfuta, ta gidan radiyon garinmu ta daina fitar da sauti, an kai ta Yamai a banza. Da aka kira ni gyara, na ce wa shugaban gidan, “Alhaji, kart son ɗin, wato katin sauti, lafiya lau take. Pilot ɗin, manhajar da ke sarrafa sauti, shi ne bai san da ita ba, sai an yi mata rajista.”

Kwana uku ina shigar da sunanta da lambarta. Ranar kasuwa na gama, na danna kiɗan farko da na gani don gwaji. Kiɗan soja ya tashi tangaran! Na miƙe ina taka fareti, ban san kai tsaye ake watsawa ba. Kowa kuwa ya san ma'anar wannan kiɗa a radiyo.

Aka rufe rumfuna, kamiyo, manyan motocin kaya, suka tsaya cak kan gada. Alhaji ya faɗo ba hula: “Malam, wa kuma ya karɓi mulkin?”

Sauti dai ya fita. Amma har yau in na shiga kasuwa, mai nama sai ya ƙame: “Mon kolonel, yaushe za a karanta sanarwa?”