Masanin Lungun Gishiri

Allah Ya yi wa garinmu baiwa da Malam Pyo Gwang-cheol, Rijiyar Ilimi, tsohon mataimakin shugaban makaranta da ritaya ba ta iya rufe wa baki ba. Shi ya gano abin da ya gagari duk masanan Koriya: Mai Lauje, wanda ya yi ta kashe fataken gishiri a zamanin kakanninmu, ba shi da laifi. Laifin na Lungun Gishiri ne, inda ya zauna.

"Danshi, duhu da talauci!" in ji shi. "Ko waliyyi ka ajiye a lungun nan sai ya wasa lauje."

Mu kuwa muka yi ta tafi, don dama mun ƙyalla ido a kan filin wurin, muna so hukuma ta rushe lungun a yi mana wurin ajiye motoci. Rahotonsa kawai ake jira. Inda mazauna lungun za su koma, ba wanda ya tambaya.

Don ya kafa hujja, gogan ya kama ɗaki a gidan Kaka Ok-bun mai kabejin tsami, ya ce zai zauna har ya ji kisa ya taso masa. Kamar kowane sabon maƙwabci, ya bi gida-gida da wainar shinkafa, sai dai tasa da ƙari: kowa ya karɓa sai ya auna masa goshi ya gaya masa saura ƙiris ya zama mai kisa. Ya hana a hura wutar ƙarƙashin daɓe mai ɗumama ɗaki, wai sanyi ne uban ta'asa. Da yake murhun gidan ɗaya ne, tsohuwa ta sha sanyin tare da shi.

Kisa dai shiru, sai mura. Ɓera ya gifta, masani ya haye tulun kabeji, tulu ya fashe, abincin hunturun Kaka ya bi ƙasa. Banza ta kori wofi.

Ranar taron gabatar da rahotonsa muka cika zaure. Ya share hanci, ya kira tsohuwa shaida.

"Kaka, faɗa musu tsakani da Allah. Zaman wurin nan ba ya sa mutum tunanin kisa?"

"Yana sawa mana, ɗan nan."

Muka ɓarke da tafi, har da masu fito.

"A ɗakin nan aka yanke mini cibiya," ta ce, "ban taɓa jin ina son kashe kowa ba sai da ka tare."