Furen Uwargida da Na Yi wa Taki

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da aka turo ni Kalgo a matsayin malamin gona, a shekarun nan na gab da samun mulkin kai. Fitowata ke nan daga makarantar aikin gona, ga takardar shaida, ga wandon kaki, ga fensir a bayan kunne. A lokacin gani nake duk ƙasar Gwandu ba wanda ya san shuka kamar ni (har mahaifina, da ya tsufa yana noman albasa, na taɓa yi wa gyara).

Akwai wani lambun gwaji a bakin fadama da nake kula da shi, ni da wani dattijo mai ban ruwa, Baba Ummaru. Shugabanmu Baturen gona ne da ke zaune a Birnin Kebbi, ana ce masa Mai Lofe. Wata safiya ya zo da matarsa, wadda kowa ke kira Uwargida, tana rungume da wata kwalba kamar mai rungume da jariri. A cikin kwalbar akwai wasu 'yan tsirrai kore, ba su kai tsawon farce biyu ba, a tsaye kan wani abu mai kama da kunun da ya kwana.

Da 'yar Hausarta ta yi mana bayani. Wai wani fure ne da suke kira okid. Mahaifinta ne ya shuka irin a cikin kwalbar, ya toshe bakin don kada wata cuta ta shiga, kuma ya rasu bai ga fitowarsu ba. Gidansu ya yi wa tsirran zafi, rumfar lambunmu ta fi sanyi, shi ya sa ta kawo mana su.

A gabanmu ta buɗe kwalbar, ta zaro su ɗaya-ɗaya, ta wanke saiwoyin da ruwan da aka tafasa ya huce. Ta jera su a ƙananan kasake goma sha biyu, ba ƙasa ko kaɗan, sai gawayi da tsingaro. Ta rufa musu jiƙaƙƙen ƙyalle. Sannan ta dube ni.

"Malam, ba rana. Ba taki. Ruwa kaɗan-kaɗan, kamar raɓa. Zan tafi Jos, sati uku."

Na ce, "Uwargida, kin bar su a hannun masani."

Kwana biyar ina bin umarninta, tsirran nan ko motsi ba su yi ba. Sai tausayinsu ya kama ni (ko in ce girman kaina ya motsa). Wane irin tsiro ne zai rayu a kan gawayi? Na ɗebo takin jaki daga bayan gari, na cakuɗa da ƙasar fadama, na fara cika kasaken.

Baba Ummaru ya ajiye gugarsa ya ce, "Mallam, ai tac ce ba taki."

"Baba, ita fure ta sani, ni kuwa ƙasa na karanta."

Bai ja da ni ba. Ya dai ɗauki kasko biyu da ban kai kansu ba, ya kai su gindin randarsa ta shan ruwa. Na yi dariya, na fito da nawa goma inda hantsi zai same su, na kwarara musu ruwa har suka ƙoshi.

Cikin kwana uku ganyayen suka yi baƙi suka narke. Na ɗauka shi ke nan, na kashe su. Amma a rana ta biyar sai ga sababbin tsirrai sun ɓullo, sirara, kore shar! Na ce alhamdu lillahi, tsohon ganyen Turai ya mutu, na ƙasarmu ya fito. Kullum sai na auna su da rula na rubuta a littafi. Kafin Uwargida ta dawo sun wuce taƙi ɗaya.

Ranar da za ta dawo ta zo daidai da ranar da manoma daga Kambaza da Ceberu za su zo in koya musu sabuwar hanyar shuka gyaɗa. Ni na shirya hakan da gangan, don a yi abin a gaban shaidu. Na jera kasaken nan goma a kan benci, na tsaya a bayansu ina gyaran murya.

Mota ta tsaya. Uwargida ta taho da sauri, sai ta ja ta tsaya tana kallon bencin. Na ɗauka mamaki ne ya kama ta, don haka na shiga jawabi: yadda na gano yunwa ce ke damun furen, yadda ilmi ya cece shi. Ina cikin zuba sai wani tsoho daga Kambaza ya matso, ya tsuguna, ya murza ganye ɗaya ya shinshina.

"Mallam, mi kac ce sunan wanga hure?"

"Okid," in ji ni, har da ɗaga haɓa.

"To, mu dai can garinmu gero muka ce mai. Wanga ai gero na."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Geron da jaki ya ci ne ya tsiro daga cikin takin. Malamin gona, mai takarda, ya yi kusan sati biyu yana auna gero da rula! Manoman suka yi ta kawar da kai suna tari, don kunya ta hana su dariya a fili. Mai Lofe kuwa lofensa ya kusa faɗuwa.

Amma ba dariyar ce ta fi cin raina ba. Uwargida ta tsuguna tana tona kasaken da yatsa ko za ta sami wanda ya rage, hawaye na ɗiga a kan takin. Sai a lokacin na tuna abin hannun mahaifinta ne na kashe.

Baba Ummaru ya taso a hankali, ya ajiye kasko biyu a gabanta. Tsirran na nan 'yan mitsi-mitsi yadda ta bar su, sai dai ɗaya ya fitar da sabuwar saiwa fara. Kullum da safe yakan jiƙa tsintsiya ya yarfa musu ruwa, shi ke nan.

Ta daɗe tana kallonsu. Na durƙusa na ce, "Uwargida, ki gafarce ni. Laifina ne, Baba ya hana ni." Ta share ido ta ce, "Biyu sun isa, Malam." Ba a kore ni ba, amma darasin gyaɗa bai yiwu ba ran nan, kuma har na bar Kalgo sunana Malam Gero.

Tun daga lokacin, in aka ba ni amanar abin da ban sani ba, sai in yi yadda mai shi ya ce, in ajiye basirata a aljihu. In kuwa na ga abu ya yi kyau da wuri, kafin in tara mutane sai na kira wani tsoho ya shinshina.