Ranar da Aka Kira Ni Mushe

Ba zan taɓa mantawa ba da taron iyaye da malamai na farko da na halarta, a wata firamare da ke gefen Mai'adua. Shekarun nan ne da aka fara shari'a, kowa na ɗoki, ko hararar mutum ka yi sai ya ce ku haɗu gaban alƙali. Ni kuwa sabon malami ne, na fito daga kwaleji inda na karanta Hausa, ina ji kamar ni na haifi harshen. (Ko gaishe ni ka yi sai na laluba ko akwai kuskuren nahawu a ciki.) Ga shi ban daɗe da tashi daga taifot ba, na rame har wuyana ya yi tsawo. Abokaina a Daura sun ishe ni da tsokana, don haka a ƙule nake da duk maganar da ta taɓa jikina.

A ajina akwai wata yarinya, Hadiza, da iyayenta suka ƙauro daga tsallaken iyaka. Ta zo ko baƙi ba ta iya haɗawa, na dage da ita har ta fara karatu. Mahaifinta, Alhaji Isuhu, mai fataucin awaki ne, kuma ban taɓa ganinsa ba sai ran taron.

Muna zaune a gindin darbejiya, taro ya yi nisa, sai ya miƙe ya yi sallama, ya nuna ni da hannu.

"Jama'a, magana zan yi a kan wancan mushen. Na ga mushe iri-iri a can wajenmu, amma ban taɓa ganin mushe kamar wannan ba."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na yi zumbur na tashi.

"Ni ne mushe? To in ni mushe ne, kai ne ungulu, tunda kai ka sansano ni. Kuma yanzu ba da ba ce, sai ka maimaita a gaban alƙali."

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne. Hedimasta ya jawo gefen rigata, ya ce a hankali, "Malam, zauna. Haka suke kiran malamin boko a Nijar, daga Faransanci suka aro. Yabonka yake yi."

Na dubi mutane, na ga kowa ya sunkuyar da kai. Ashe duk wanda ke wurin ya san kalmar, har masu sayar da gyaɗa a bakin ƙofa, sai ni malamin Hausa. Alhaji Isuhu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam. Godiya na tashi yi. Yarinyar ce ta karanta mini rubutun da ke jikin motar kasuwa." Ya zauna. A gefen ƙafarsa na hango ƙwaryar ƙwan zabi da ya kawo mini. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Washegari Hadiza ba ta zo ba, haka ma jibi. Wannan ya fi kome damuna. Na roƙi hedimasta ya raka ni gidansu, na durƙusa a zaure ina ta kame-kame.

Alhaji ya ce, "Ba kome, Malam, ya wuce. Ungulun ce dai ta ɗan tsaya mini a rai." Sai ya cire hula, ga sanƙo tal har ƙeya. "Na ɗauka wannan ka hango."

Hedimasta ya juya baya yana tarin ƙarya. Ni kuwa na rantse har sau ban san adadi ba cewa ban taɓa ganin kansa ba. Hadiza ta dawo aji, amma ta daɗe ba ta haɗa ido da ni ba.

Tun daga nan, in na ji an zage ni, ba na saurin ramawa. Sai na fara tambayar mutum, cikin ladabi, daga wane gari yake.